Yadda Ake Ƙera Wasan Barkwanci na Kwamfuta da Tsofaffin Zane-zanen Turai

A gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok akwai wani zane da Rembrandt ya yi a 1633. Mace ce sanye da sulke da kwalkwali, hannu a kan takobi, garkuwa mai fuskar dodo a gefe. Bellona ke nan, wadda Rumawa suka ɗauka uwar yaƙi. Amma in ka dubi fuskarta ba za ka ga yaƙi ba: kumatu a cike, ido a sanyaye, kamar ba ta san abin da aka rataya mata ba. A 2020 wani ɗan Birtaniya mai suna Joe Richardson ya yanko ta daga cikin zanen, ya sa ta tafiya da magana, ya mai da ita tauraruwar wasansa The Procession to Calvary. A wasan, yaƙi ya ƙare, sabon shugaba ya hana kisa, ita kuwa ba ta ƙoshi ba, sai ta nemi izinin bin azzalumi guda da ya tsere.

Wannan wasa shi ne na biyu cikin wasannin Richardson uku masu wannan salo. Four Last Things ya riga shi fitowa a 2017, Death of the Reprobate ya biyo baya a 2024. Duka ukun an haɗa su ne daga guntattakin zane-zanen da aka yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma duka irin wasan nan ne na nuna-ka-danna: kana riƙe da linzamin kwamfuta, ka danna wuri gwarzonka ya je, ka danna mutum su yi magana, ka danna abu ya ɗauka ya jefa a jaka, can gaba ka yi amfani da shi ka warware wani ƙulli. Ba gudu, ba harbi. Salon ya tsufa. Maniac Mansion na 1987 da The Secret of Monkey Island na 1990 su ne iyayen gidan. Shi ma yanka tsohon zane don a ba da dariya ba sabon abu ba ne. Terry Gilliam ya yi ta yi a shirin talabijin na Monty Python tun daga 1969, kuma ƙatuwar ƙafar nan da ke saukowa daga sama ta murƙushe komai ya samo ta ne daga wani zanen Bronzino da ke rataye a Landan.

Abin da zai ja hankalin mai son gwadawa shi ne mutum ɗaya zai iya, ko da bai iya zana kan kaza ba. An riga an zana masa. Abin da ya rage masa shi ne ido, da almakashi, da haƙuri.

Inda ake samo zanen, da wanda bai kamata a taɓa ba

Mai zanen da ya mutu a ƙarni na 17 ba shi da sauran haƙƙin mallaka. A ƙasashe da yawa, har da Nijeriya, haƙƙin zane yana ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Inda gizo ke saƙa shi ne hoton da gidan tarihi ya ɗauki zanen, domin da shi za ka yi aiki. A Amurka wata kotu ta yanke a 1999, a shari'ar Bridgeman da Corel, cewa hoton da ya kwafi tsohon zane daidai-wa-daida ba ya haifar da sabon haƙƙi. Tarayyar Turai ma ta bi wannan layi a dokarta ta 2019. Duk da haka Italiya tana da tata dokar ta kayan tarihi, kuma tana aiki da ita: a 2022 gidan tarihi na Uffizi ya maka kamfanin tufafi na Jean Paul Gaultier a kotu saboda zanen Botticelli. Don haka kada ka ɗauko hoto don kawai ka gan shi a intanet.

Hanya mai sauƙi ita ce ka tsaya ga gidajen da suka buɗe ƙofa da kansu. Rijksmuseum na Amstadam ya fara barin mutane su sauke manyan hotuna kyauta tun 2012. Metropolitan ya saki hotuna kusan 375,000 a 2017 da lasisin CC0, wato ka yi abin da ka ga dama da su, har ka sayar. Art Institute na Chicago da gidan zane na Cleveland da National Gallery of Art na Washington duk sun yi haka. Kowane hoto ka sauke, buɗe takarda ka rubuta sunan zanen da mai zanen da shekara da gidan da yake. Yanzu abin zai yi maka kamar ɓata lokaci. Ranar da ka tara guntaye ɗari huɗu kuma ana son jerin godiya a ƙarshen wasan, za ka gode wa kanka.

Sauke mafi girman da aka bayar. Mutumin da za ka yanko wataƙila ɗan mitsitsi ne a kusurwar zanen, kuma in ka faɗaɗa shi ya kai tsawon fiksel 500 a fuskar kwamfuta mai 1920 da 1080, dole ya zamana bai dusashe ba.

Akwai kuma zaɓin da ba kotu ce ke yin sa ba. Kaso mai yawa na zanen Turai na wancan zamani na addini ne: Annabi Isa, Nana Maryamu, annabawa, mala'iku. Wani kason kuma tsiraici ne. Wasannin Richardson sun kutsa duka biyun ba tare da jin komai ba, kuma ya kamata mai karatu ya san haka kafin ya saya wa yaro. In 'yan wasanka mutanenmu ne, Musulmi ko Kirista, bar wannan ɓangaren gaba ɗaya, ba ka yi asarar komai ba. Masu zanen Holan da Flanders sun cika duniya da kasuwanni, gonaki, ɗakunan girki, masu karɓar haraji, masu cire haƙori, yara masu ƙiriniya da kaji. Abin dariyar ma a can ya fi yawa.

Kallo kafin rubutu

Nan ne mutane da yawa ke juya tsarin. Sai su rubuta labari tukuna, sannan su shiga neman zanen da zai dace da shi, a ƙarshe su ƙare da mutumin da aka tilasta wa faɗin abin da fuskarsa ba ta faɗa ba. Ka fara da kallo. Buɗe zane, faɗaɗa shi, bi shi lungu-lungu, kana tambayar kowane mutum abu biyu: me yake so, kuma me ya hana shi samu?

Bari mu gwada da zane huɗu da kowa zai iya saukewa yau.

Na farko, The Harvesters na Pieter Bruegel babba, 1565, a Metropolitan. Gonar alkama ce ana girbi. Wasu na yanka, wasu sun zauna gindin bishiya suna cin abinci, wani na fitowa daga cikin alkama ɗauke da tulu, wani kuma ya miƙe ƙafa ya hangame baki yana sharar barci. Na biyu, mai zuba madara ta Vermeer, wajen 1660, a Rijksmuseum: 'yar aiki a ɗakin girki, taga a hagun zanen, kwandon burodi a kan tebur, siririyar madara na zuba daga tulu zuwa kasko. Na uku, shi ma a can, zanen Jan Asselijn na wajen 1650: wata ƙatuwar farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, ta buɗe fukafukai tana huci don kare ƙwayayenta daga kare. Na huɗu, zanen Rembrandt na 1662 na shugabannin ƙungiyar masu tufafi ta Amstadam: dattawa biyar da baƙaƙen huluna a bakin tebur, littafi a buɗe, bara na tsaye a bayansu, dukansu sun ɗago suna kallonka, ɗaya ma ya fara tashi daga kujera.

Ka ga ba ka rubuta komai ba tukuna, amma wasa ya fara fitowa. Dinyar nan shinge ce, ta tare hanya. Dattawan nan kwamiti ne da ka katse wa zama, kuma ba za su yafe maka ba. Mai barcin nan yana kwance a kan wani abu da kake bukata. Ita kuma mai madarar, tun 1660 take zubawa kaskon bai cika ba. Wannan ba kai ka ƙirƙira ba, a cikin zanen yake. Aikinka kawai ka bari gwarzonka ya lura, ya tambaye ta, ita kuma ta amsa da iyakar gaskiyarta cewa saura kaɗan.

Bruegel shi ne babban rumbun mai wannan sana'a. A zanensa na 1559 da ke Balin ya zana karin maganar mutanensa sama da ɗari kamar da gaske suke faruwa: wani na buga kai a bango, wani na aske tumaki maƙwabcinsa na aske alade, wani na cike rijiya bayan ɗan maraƙi ya riga ya faɗa. A zanen wasannin yara na 1560 da ke Vienna akwai yara sama da ɗari biyu. Ko ba ka yanko daga waɗannan ba, ka zauna ka kalle su, za su koya maka cewa mutum ya fi ba da dariya lokacin da ya duƙufa a kan aikin banza da zuciya ɗaya.

Yanka

Kowace manhajar gyaran hoto mai aiki falle-falle za ta yi: GIMP da Krita kyauta ne, Photoshop na kuɗi. Kada ka goge gefen mutum da abin gogewa. Yi amfani da abin rufe fallen, wanda ke ɓoye sashe ba tare da ya share shi ba, don gobe za ka so dawo da yatsan da ka cire. Bi gefen jiki da alƙalamin zana layi, ka shiga ciki da fiksel ɗaya ko biyu, in ba haka ba za ka taho da siririn launin tsohon bangon ya zagaye mutumin. Tausasa gefen kaɗan ƙwarai. Gashi da gemu da gashin tsuntsu su ne masu wahala. A nan ka bi da hannu, ko ka yanke su sumul ka ƙyale. 'Yar alamar almakashi ba aibi ba ne a wannan salo, wani ɓangare ne na abin dariyar.

Mutumin da zai motsa sai an rarraba shi: kai, gangar jiki, dantse, hannu, cinya, ƙwauri, tafin ƙafa, kowanne a fallensa. Da ka ɗaga hannu za ka tarar babu komai a ƙarƙashinsa, don mai zanen bai zana rigar da hannu ya rufe ba. Sai ka cike gurbin da kanka, ka kwafo launin rigar daga kusa ka liƙa. Kowace gaɓa ka bar mata ƙarin nama a wurin haɗi, mai zagaye, yadda in ta juya ba za a ga rami ba.

Sau da yawa mutumin da ka zaɓa ba shi da ƙafafu. Mai madarar Vermeer tebur ya tare ta, zanen kuma ya ƙare kafin ƙafarta. Zaɓi biyu gare ka: ko ka aro ƙafafu daga wani zanen, ko ka bar ta inda take. Ga waɗanda gwarzo zai tarar a hanya, barinsu ya fi, aikin ya ragu kuma ba wanda zai nemi ganin mai madara tana yawo. Gwarzon ne kaɗai dole ya cika, don haka zaɓe shi da lura: mai tsayuwa, ana ganinsa gefe ko rabi da rabi, mai launin da zai fito a kowane fage. In doguwar riga ce ko zani mai jan ƙasa, ka huta da zana tafiya, ɗan rangaji da leƙowar takalmi sun isa.

Ajiye kowane guntu a fayil na PNG mai bango wayam, ka ba shi suna mai ma'ana.

Haɗa fage

Fage yana bukatar fili da gwarzo zai taka. Nemi zanen da ba shi da cunkoso a gaba: tsakar gidajen Pieter de Hooch, titunan Gerrit Berckheyde, ɗan titin nan na Vermeer, ko hanyoyin karkara na Hobbema. Mutanen da ba ka so ka shafe su ka cike wurinsu. Galibi zane ɗaya ba ya isa. Sama daga nan, gini daga can, ƙasa daga wani wuri.

Abu uku ne ke tona asirin haɗi. Na farko haske. Masu zanen Holan sun fi kawo haske daga hagu, amma ba kullum ba. In ka sa mutum mai haske a kumatun dama kusa da mai haske a na hagu, ido zai ƙi ko da mai kallo bai san dalili ba. Juya ɗayan kamar a madubi, magana ta ƙare. Na biyu launi. Wani zanen tsohon man da aka shafe shi da shi ya mai da shi rawaya, wani an wanke shi ya yi garau. Ka rage wa wannan, ka ƙara wa wancan, sannan ka shimfiɗa siririn launi guda a saman fagen duka ya haɗa kansu. Na uku inuwa. Mutumin da ba shi da 'yar inuwa a ƙarƙashin ƙafa yana shawagi ne. Baƙin tabo mai laushi, rabin ganuwa, ya wadatar.

Sannan ka raba fagen uku: abin da ke can baya, filin tafiya, da abin da gwarzo zai bi ta bayansa, kamar ginshiƙi ko gindin bishiyar Bruegel. Manhajar wasa za ta tambaye ka layin da ke ƙasan kowane irin wannan abu, don ta san lokacin da gwarzo ke gabansa da lokacin da yake bayansa. Za ta kuma tambaye ka yadda zai ƙanƙance in ya yi nisa. Ka auna da ƙofa: in ya isa bakinta kansa ya wuce saman ƙofar, gyara.

Ƙulli

A nan wasa ke rayuwa ko ya mutu, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Ron Gilbert, wanda ya jagoranci Monkey Island, ya yaɗa wata dabara ta zana taswirar ƙulli, kuma har yau ba a samo wadda ta fi ta ba. Ana farawa ne daga ƙarshe. Rubuta burin a akwati a ƙasan takarda, sannan ka tambayi me ake bukata kafin a kai gare shi, ka rubuta a akwatin da ke samansa, ka ja layi. Haka za ka yi ta hawa har ka iso farkon wasa.

Mu koma ga zanenmu huɗu. Buri: gwarzo ya haye gada ya bar gari. Dinya ta tare gadar. Za ta kauce in an jefa mata burodi. Burodi yana teburin mai madara, ita kuwa ba za ta ba da shi ba sai ta gama zuba, kuma ba za ta gama ba don kaskon ya huje. Ana bukatar abin toshewa. A ɗaya ɓangaren, mai gadin gadar yana son takardar izini daga dattawa biyar. Su kuma ba za su sa hannu ba don alƙalaminsu ya ɓata, kuma sun kafa ƙaramin kwamiti a kan batun. Alƙalamin zamanin gashin tsuntsu ne. Wa ke da gashi? Dinya, wadda a zanen Asselijn ma gashinta na tashi a iska. To amma ba za ka kusance ta ba sai tana cin burodi. Abin toshe kasko kuma guntun cuku ne da mai barcin gona ya danne da kai, kuma ba ya farkawa da ihu ko jijjiga, sai in ya ji an ce an zuba abinci.

Dubi siffar taswirar. Ta fara a tsuke, ta buɗe, ta sake tsukewa. Wannan buɗewar ta tsakiya ita ce mai muhimmanci: a kowane lokaci ɗan wasa ya kasance yana da ƙulli biyu ko uku a gabansa, in wannan ya gagara ya koma wancan. Taswirar da ta miƙe kamar sanda tana nufin in ya maƙale a wuri ɗaya, ya kashe kwamfutar.

Duniyar wasan tana iya zama ta mahaukata, amma hanyar warwarewa sai ta bi hankali. Ɗan wasa ya ga matsalar kafin ya ga maganinta. Ya ji dattawa na kukan alƙalami kafin ya ɗauki gashi. Kuma kowane mataki a ba shi alama a cikin magana. Wanda ke cin abinci a gefen mai barci zai iya cewa wannan ko ganga aka buga ba ya tashi, sai dai motsin cokali. Shi ke nan, an faɗa masa amsa ba tare da an faɗa ba. Masu wannan sana'a har yau suna ba da labarin wasan Gabriel Knight 3 na 1999, inda sai ka liƙa salatif a rami, ka koro kyanwa ta bi ta wurin, ka kwashi gashinta ka yi gashin baki don ka yi kama da wani mutum, alhali mutumin ba shi da gashin baki, sai ka zana masa a fasfo. Da za a ba da shi a matsayin labari abin dariya ne, amma wanda ya kwana yana neman amsar bai yi dariya ba.

Kada ka bari ɗan wasa ya shiga halin da ba mafita, a ce ya bar wani abu a fagen farko kuma ba damar komawa. Tsofaffin wasannin kamfanin Sierra sun yi ƙaurin suna a kan haka, Gilbert kuma ya rubuta maƙala a kansa tun 1989. In kana son ba da gajeriyar hanya, yi ta a fili kuma ka sa mata farashi. Richardson ya bar wa Bellona takobinta: kana iya sare wanda ya tare maka hanya ka tsallake ƙullin, amma wasan yana riƙe da lissafi, kuma za ka tarar da shi a gaba. Shi kansa tushen Four Last Things ƙulli ne mai kyau. Mutum ya zo neman gafarar manyan zunubai bakwai, aka ce masa ai ba a yankinsu ya aikata ba, sai ya sake aikata su a nan kafin a saurare shi. A jumla ɗaya an ba da dariya, an kuma ba ɗan wasa jerin ayyuka bakwai.

Magana da motsi

Dokar rubutun guda ce: mutanen zanen ba su san abin dariya ne su ba. Dattawan nan su yi magana da cikakkiyar isa a kan alƙalami. In suka fara kashe wa ɗan wasa ido, abin ya zube. Ka tuna mai shelar sarki da ke sanar da ɓatan akuya da muryar da yake sanar da yaƙi. Muryar ce ke sa ka dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Gajarta layuka. Abin da ya wuce layi biyu a fuskar kwamfuta ba a karanta shi. Ka rubuta amsa ga duk abin da za a iya dannawa, har ƙusar da ke bangon ɗakin mai madara, domin rabin daɗin irin wannan wasa yana cikin duba abubuwan da ba su da amfani. Ka kuma tanadi amsoshi na musamman ga kuskuren da kowa zai gwada. Kowa zai miƙa wa dinya cuku. In abin da ya samu shi ne amsar nan ta gama-gari cewa wannan ba zai yiwu ba, ka yi asarar wuri mafi kyau na saka barkwanci.

In da Hausa za ka rubuta, gwada nau'in haruffan tun ranar farko ka tabbatar yana da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana. Kyawawan haruffa masu kama da na tsofaffin littattafai da yawa ba su da su, sai ka ga akwati wayam a tsakiyar kalma. Kuma kada ka rubuta da Turanci ka fassara. Dattijon Rembrandt da ya ce "Malam, ba ka ga muna zama ba ne?" ya fi wanda aka juyo masa magana daga wani harshe.

Motsi kuwa, kaɗan ya fi. Kai ya ɗan gyaɗa, haɓa ta sauka ta koma lokacin magana, hannu ya yi ta maimaita abu ɗaya. Tafiyar gwarzo hoto takwas sun isa a zagaye guda, kuma gefe ɗaya kawai za ka yi, manhaja ta juya maka ɗayan. Kada ka wahalar da kanka wajen sa gaɓoɓi su yi laushi irin na mutum. Sandarewar nan tana cikin abin da ake so. Sai dai kowane fage ya kasance da abu ɗaya ko biyu da ba sa tsayawa, ko madarar da ke zuba, ko cikin mai barci da ke hawa yana sauka.

Kiɗa

A nan ma akwai tarko irin na hoto. Bach ya mutu a 1750, kiɗansa na kowa ne, amma faifan da wata ƙungiya ta naɗa bara nata ne. Nemi naɗin da aka saki kyauta. Shafin Musopen yana tara irinsu, kuma Kimiko Ishizaka ta saki nata naɗin na Goldberg Variations na Bach a 2012 da lasisin CC0. Duba sharaɗin kowane fayil da kansa. Dabarar da Richardson ya yi ta cancanci aro: makaɗan suna cikin fagen, ana ganinsu a wani lungu suna kaɗawa, ko a tsakiyar daji ne ko a bakin kabari. Mai kaɗa molon Turawa da Judith Leyster ta zana a 1629, wanda ke Rijksmuseum, zai zauna daram a gefen gadarmu.

Manhajar haɗawa, gwaji, da fitarwa

Adventure Game Studio, wadda Chris Jones ya fara a 1997, kyauta ce kuma don irin wannan wasa aka yi ta. Filin tafiya, wuraren dannawa, jaka da zance duk an tanada. Visionaire Studio, wadda Richardson ya yi aiki da ita, ta kuɗi ce, amma kusan komai ana yin sa ta zaɓe daga jeri ba tare da rubuta lambobin manhaja ba. Wanda ya saba da manhajar Unity yana da Adventure Creator da PowerQuest. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta.

Kada ka fara da fage talatin. Yi uku: gada, gona, ɗakin girki, dattawan kuma ka ajiye su a wata taga. Haɗa ƙullin duka da yankan gaggawa, ka tabbatar ana iya bugawa daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka koma gyaran gefe da inuwa. Daga nan ka zaunar da wanda bai taɓa ganin wasan ba, ka koma bayansa, ka rufe bakinka. Duk inda ya yi minti biyar yana zagaye, rubuta. Kada ka yi masa bayani. Maimakon haka ka ƙara layi a bakin wani a cikin wasan, ka kira wani sabon mutum ya gwada. Sa maɓallin da ke haska duk wuraren dannawa, domin zanen Bruegel cike yake da tarkace kuma ba adalci ba ne a sa mutum neman guntun cuku a cikin gonar alkama.

In ya kammala, shafin itch.io na karɓar wasa ba tare da kuɗin rajista ba. Shafin Steam na karɓar dala 100 a kan kowane wasa, kuma za su ba ka takardar tambayoyi a kan tsiraici da zubar da jini, ko da na fenti ne mai shekara ɗari huɗu. A shafin ƙarshe ka jero zanen duka daga takardar nan da ka buɗe tun farko, da sunan mai zane da gidan da yake rataye, ka kuma sa hoton kowanne cikakke yadda yake kafin almakashi ya taɓa shi.